Labarin George Barber, Mai Madarar da Ya Tara Babura

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Alabama, cikinta kuwa akwai wani birni mai suna Birmingham. Birnin nan ba tsoho ba ne, don sai cikin shekara ta 1871 aka kafa shi, aka raɗa masa sunan wani birnin maƙera na Ingila. Abin da ya sa aka zaɓi wurin shi ne, duwatsun da ke kewaye da shi suna da tama, da kwal, da dutsen farar ƙasa, watau abubuwan nan uku da a ke bukata wajen narka ƙarfe, kuma da wuya a same su kusa da juna haka a wani wuri. Nan da nan masana'antu suka tashi, mutane suka yi ta kwarara neman aiki, har gari ya cika ya batse. A wannan birni George Barber ya tashi. An haife shi cikin 1940.

Mahaifinsa bai shiga sha'anin ƙarfe ba, sana'arsa sayar da madara. Amma kada mai karatu ya zaci tallar nono a ƙwarya a ke nufi. Kamfani ne babba, sunansa Barber Dairies, wanda ke sayen madara daga hannun masu gonakin shanu, ya kawo ta ma'aikata, a tace, a dafa, a zuba cikin kwalabe, a rarraba kantuna da gidaje da makarantu tun gari bai waye ba. Dafuwar nan ba irin ta tukunya ba ce. Akan ɗumama madarar zuwa wani zafi ƙayyadadde, a riƙe ta a nan minti 30, ko kuwa a ƙara zafin a riƙe ta daƙiƙa 15 kaɗai, sa'an nan a sanyaya ta maza. Da haka ƙwayoyin cuta su ke mutuwa, ɗanɗanon madara kuwa bai sake ba. Dabarar ta samo suna daga wani masani na Faransa, Louis Pasteur. Kafin a kama yin haka, madara ta kashe yara da yawa a biranen Amurka ta hanyar zazzaɓin taifot da tarin fuka. Jihar Alabama na cikin sahun farko na waɗanda suka kafa dokar tsabtace madara, tun wajen 1924, kuma da dokarta aka yi koyi a wurare da dama.

Sana'ar da ke tafe da kaya mai saurin lalacewa dole ta dogara ga mota. In lori ya tsaya a hanya rana ta take, to, kayan ranar sun zama asara. Saboda haka kamfanin yana da motoci masu yawa, da garejinsa, da makanikansa. Wannan gareji shi ne daga baya ya zama tushen labarinmu.

Da George ya zama saurayi sai hankalinsa ya tafi ga tseren mota. Cikin shekarun 1960 ya yi ta tsere da motocin Jamus da a ke kira Porsche, shi ke gyaran abinsa, shi ke tuƙi. An ƙidaya ya zo na ɗaya sau 63. Wanda ya ci tsere sau ɗaya ko biyu a iya cewa sa'a ce, amma sau 63 ya nuna mutum ya san inji ciki da waje, kuma yana da zuciya.

Shekarun nan da ya ke tsere ba su yi wa garinsu daɗi ba. A lokacin doka ta raba Baƙar fata da Turawa a makarantu da motocin haya da wuraren cin abinci, Birmingham kuwa ta yi ƙaurin suna wajen tsananta wannan. Cikin 1963 Baƙar fata suka fito neman hakkinsu, aka kama shugabansu Martin Luther King aka kulle, 'yan sanda suka saki karnuka, suka buɗe wa yara mesar kashe gobara. Ran 15 ga watan Satumba na wannan shekara aka dasa bom a wata majami'a ta Baƙar fata, 'yan mata 4 suka mutu. Hotunan suka bazu ko'ina duniya. Bayan wannan kuma sai kasuwar ƙarfe ta soma faɗuwa, manyan matoyan ƙarfe suka yi ta rufewa, masu hali suka ƙaura bayan gari. Birnin da a 1960 ya ke da mutum wajen 340,000, a ƙidayar 2020 bai wuce 200,000 da 'yan kai ba. Sai an riƙe wannan a zuci kafin a gane abin da Barber ya yi nufi daga baya, don kullum maganarsa ita ce yana son ya yi abin da zai jawo baƙi garinsu.

Cikin 1970 mahaifinsa ya rasu, nauyin kamfani ya faɗo kansa, shi kuwa bai cika shekara 30 ba. Ya ajiye tsere, ya rungumi madara. Shekara goma sha takwas yana wannan, kamfani ya bunƙasa, ya haɗa da sayen filaye da gine-gine yana ba da haya, har ya zama ɗaya daga cikin attajiran jihar. Ba wani abin mamaki cikin wannan zamani na rayuwarsa da za a tsaya a kai. Ɗan kasuwa ne mai lura da lissafi, kamar sauran.

Amma an ce mai hali ba ya barin halinsa. Cikin 1988 tsohuwar sha'awa ta motsa, ya soma sayen tsofaffin motoci yana sa makanikan kamfani su gyara su a wani gini da a ke sabunta lorin madara a ciki. Aikin bai yi armashi ba. Hannun da ya saba da lori ba lalle ya iya lallaɓa motar alfarma ba. Ban da haka kuma, manyan attajiran duniya sun riga sun kwashe motocin da suka fi daraja, wanda ya shigo a makare ba zai taɓa zama na gaba ba, kome kuɗinsa. Sai wani abokinsa, wanda ya yi shekara 27 yana kula da motocin kamfanin, shi kuwa mai son babur ne, ya ba shi shawara ya bar mota ya koma babur, tun da ba wanda ya riga ya kama wannan fage. Har ya ba shi baburansa biyu kyauta. Ɗayansu wani babur ne na Jamus mai suna Victoria Bergmeister, ƙirar birnin Nurembag cikin shekarun 1950, wanda ba shi da sarƙa, sanda ce ke juya tayar baya.

Wannan babur ya shiga ran Barber. Abin da ya gani shi ne, mota tana ɓoye aikinta ƙarƙashin bonet, sai an buɗe an leƙa. Babur kuwa tsirara ya ke. Inji, da kafireta, da giya, da birki, da salansa duk ga su a fili, mai kallo ya iya bin dabarar maƙerin daga tanki har taya, ya ga inda ya yi hikima da inda ya yi kuskure. Kuma kuɗin mota ɗaya ta alfarma ya isa sayen babura da yawa. Daga nan ya sa wakilai suna bi masa gwanjo a Amurka da Turai, wani lokaci ya saye abin da wani ya shekara da shekaru yana tarawa gaba ɗaya.

Sayen tsohon babur shi ne mai sauƙi, rayar da shi ne aiki. Babur in ya daɗe a ajiye, fetur ya kan daskare cikin kafireta ya zama kamar ƙaro, tsatsa ta ci tanki, roba ta bushe ta tsage, fistin ya kafe cikin silinda. Kayan gyara kuwa babu su a kasuwa, don yawancin kamfanonin da suka ƙera su sun mutu da daɗewa. Tun daga 1894, sa'ad da wasu Jamusawa, Hildebrand da Wolfmüller, suka fara ƙera babur don sayarwa, ɗaruruwan kamfanoni sun tashi sun faɗi. Ko manyan Ingila irin su BSA, waɗanda a da su ke cika duniya da babura, sun durƙushe cikin shekarun 1970 da Japanawa suka fito da nasu masu araha da ƙarko. To, in wani ƙarfe ya karye, sai makanike ya nemo tsohon littafin kamfanin, ya auna, ya sassaƙa sabo da hannunsa. Har wa yau akwai wata muhawara tsakanin masu wannan aiki: shin a mai da babur fes kamar ranar da ya fito daga ma'aikata, ko a bar shi da tsohon fentinsa da tabonsa, tun da tabon ma tarihi ne? Mutanen Barber suka bi hanya biyun duka, kowane babur da abin da ya dace da shi. Sharaɗinsa dai ɗaya ne, kada babur ya zama gawa. Ma'aikatan gidan sun sha faɗin cewa kusan kowane babur da ke wurin a iya tashinsa cikin sa'a guda. Don ya tabbatar da haka, daga 1992 ya kafa ƙungiyar mahaya da ke shiga tseren tsofaffin babura, suka ciwo kambin ƙasa sau 7.

Cikin 1994 ya yi abin da ya bambanta shi da yawancin masu tara kaya. Ya cire baburan daga dukiyarsa, ya sa su ƙarƙashin wata hukumar amana wadda ba ta neman riba, abin da ya yi kusa da waƙafi. Bisa dokar Amurka, abin da aka sa nan ya fita hannun mai shi, ba ya sayar da shi ya ci kuɗin, magada kuma ba su raba shi. Gwamnati kuwa ta kan sassauta wa mai bayarwa haraji. Cikin watan Maris na 1995 aka buɗe wa jama'a ƙofa, a tsohon garejin nan na lorin madara.

Mai karatu zai fi gane amfanin wannan in ya ji abin da ya sami wani attajiri, William Harrah, na birnin Reno. Shi ya tara motoci wajen 1,400, a zamaninsa ba wanda ya kai shi. Ya mutu cikin 1978 bai shirya musu makoma ba. Kamfanin da ya sayi dukiyarsa ya yi gwanjon yawancinsu cikin shekarun 1980, suka watsu uwa duniya, sai 175 kaɗai aka bar wa garin, su ma bayan mutane sun yi ta kuka. Abin da mutum ya yi shekara talatin yana haɗawa, mai gwanjo ya kan wargaza shi cikin kwana uku.

Ana nan sai wani gidan nuna zane-zane na birnin New York, mai suna Guggenheim, ya yi shirin nuna babura kamar yadda a ke nuna hotunan manyan masu zane. Aka buɗe cikin 1998 da babura 114, daga ciki 21 aro ne daga wurin Barber. Masana zane da yawa suka yi fushi, suka ce an mai da gidan hikima kantin dillalan babur, balle da ya ke kamfanin BMW ne ya ɗauki nauyin shirin. Jama'a kuwa ba su saurare su ba, suka yi dafifi irin wanda gidan bai taɓa gani ba. Daga nan aka kai nunin Chicago da Bilbao ta ƙasar Sifen. Barber ya ga yadda mutane ke bin layi don kallon abin da shi ya jibge a gareji, sai ya ce me zai hana a yi haka a Birmingham, kuma ba na 'yan watanni ba.

A wannan shekara ta 1998 ya sayar da kamfanin madara ga wani babban kamfani, Dean Foods. Ya sami fili a gabashin birni, kusa da wani gari Leeds, daji ne mai tudu da kwari, wanda yanzu ya kai eka 880. Ya gina gida mai hawa 5, bangonsa na gilashi, da hanya mai murɗawa daga ƙasa har sama, yadda mai kallo zai bi a hankali ba tare da matakala ba. Baburan kuwa ba a jere su ƙasa kaɗai ba, har an ɗora su bisa kantoci hawa hawa sun kai rufi. Kusa da gidan ya sa aka shimfiɗa hanyar tsere mai tsawon mil 2.38, da kwana 17, tana hawa tana gangara. Wani gwani, Alan Wilson, shi ya tsara ta. Da fari nufin hanyar ɗan wurin gwada baburan gidan ne, amma abu ya yi ta girma a hannunsa. Kuɗin da ya zuba daga aljihunsa ya haura dala miliyan 50, ana kuwa lissafa shi cikin manyan kyautai da mutum ɗaya ya taɓa yi a jihar Alabama. Aka buɗe cikin 2003.

Wani abin al'ajabi ya faru a watan da aka buɗe gidan. Ran 16 ga Satumba 2003, gobara ta tashi a babban gidan ajiye babura na Ingila, wanda ke bakin ɗaya Birmingham ɗin, ta cinye babura wajen 380. Birni biyu masu suna ɗaya, ɗaya na murna ɗaya na jaje cikin mako guda.

A nan ya kamata a tsaya a auna, don ba kowa ya yaba ba, kuma masu sukar suna da hujja. Birmingham tana da unguwannin talakawa, da makarantu masu bukatar gyara. Mai tambaya ya iya cewa, dala miliyan 50 asibiti nawa za ta gyara, yaro nawa za ta sa makaranta? Kuma ashe ba sha'awar attajiri ba ce kurum aka sa mata rigar alheri, aka kuwa rage masa haraji a kai? Gaskiya ne sha'awarsa ce, shi ma bai taɓa ɓoye haka ba, kuma shiga gidan ba kyauta ba ne, sai an yanki tikiti. Amma akwai abin dubawa a ɗaya gefen. Da ya so, da ya kulle baburansa shi da abokansa kaɗai ke gani, kamar yadda attajirai da yawa ke yi. Garin da aka sani da bom da karnukan 'yan sanda ya sami wani abu dabam da a ke ambatonsa da shi, baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa, suna kwana a masaukai, suna cin abinci, 'yan gari na samun aiki. Ko wannan ya kai darajar asibiti, kowa da yadda zai yanke. Abin da ba a musu shi ne, mutumin ya ba da abin da ya fi so, kuma ya ba da shi yadda ba ya iya karɓewa.

Cikin watan Afrilu na 2014 masu littafin Guinness, waɗanda ke rubuta abubuwan da suka fi kowane a duniya, suka ƙidaya babura 1,398 a gidan, suka shaida ba wani gidan babura da ya kai shi. Bayan wannan an ƙara gini, an ƙara babura ɗaruruwa. Ba duka a ke fitarwa lokaci guda ba, ana juya su ne, waɗansu na kallo waɗansu na ɗakin gyara.

Cikinsu akwai wanda labarinsa ya isa littafi. Akwai Britten V1000, wanda wani mutumin New Zealand, John Britten, ya ƙera shi da 'yan abokansa a birnin Christchurch, ba da wani babban kamfani a bayansu ba, ya kuwa kara da baburan manyan kamfanoni ya ba su kunya. Guda 10 kaɗai aka yi, mai shi ya mutu cikin 1995 yana da shekara 45. Akwai kuma kayan John Surtees, Baturen Ingila, wanda ya ci kambin duniya na babur sau 7 tsakanin 1956 da 1960, sa'an nan ya koma mota ya ci kambin duniya cikin 1964 da Ferrari. Ba wanda ya taɓa haɗa biyun nan sai shi. Surtees abokin Barber ne, ya ba da shawara wajen tsara hanyar tsere, ya rasu cikin 2017. Sha'awar mota ma ba ta mutu sarai ba, don gidan ya tara motocin tsere na Lotus masu yawan gaske. Amma abin da ya fi daɗi shi ne, ba na sarauta kaɗai aka ajiye ba. Ƙananan baburan Japan irin na zuwa kasuwa da gona, da na soja, da na 'yan sanda, duk an ba su wuri daidai da na tsere, don mai kallo ya ga irin wanda ubansa ya hau.

Hanyar tseren kuwa Barber bai yarda ta zama fili mai ƙura da kwalta kaɗai ba. Ya sa aka dasa itatuwa da furanni, aka yi tafkuna, 'yan kallo su kan zauna bisa ciyawa a gefen tudu. Mutum ne mai barkwanci, ya cika wurin da gumakan ban dariya: ga wata gizo-gizo ta ƙarfe wadda ta fi mota girma a bakin wata kwana, ga manyan tururuwa. A wata tashar jiragen ruwa da ya gina can bakin teku, kusa da garin Elberta, har gumakan dabbobin zamanin da ya sa aka ɓoye cikin itatuwa don mai wucewa ya yi kiciɓis da su. Kamfanin Porsche, wanda ya yi tsere da motocinsa yana saurayi, ya kafa makarantar koyon tuƙi a kan hanyar tasa. Daga 2010 kuma aka fara kawo babban tseren motoci na IndyCar, wani mutumin Brazil, Hélio Castroneves, ya ci na farko. A tseren 2024 wata 'yar tsana mai girman mutum, wadda aka rataye ƙarƙashin gada aka sa mata suna Georgina, ta tsinke ta faɗo bakin hanya motoci na gudu, wata mota ta taka mata hannu. Ba wanda ya ji ciwo, amma labarinta ya fi na wanda ya ci tseren bazuwa.

Kamfanin nan Dean Foods da ya sayi madarar gidan Barber, wanda a lokacinsa ba wanda ya kai shi sayar da madara a Amurka, bashi ya ci ƙarfinsa cikin watan Nuwamba na 2019, aka rarraba ma'aikatunsa ga masu saye cikin 2020. Mutanen Amurka sun rage shan madara, manyan kantuna kuma sun koma sarrafa tasu. Hukumar amanar baburan ba ta cikin wannan ciniki, ba kuwa mai bin bashi da ya iya taɓa ta. Tun daga 2005 a kan yi taron masu tsofaffin babura a wurin cikin watan Oktoba, kwana uku, mutane dubbai su zo da tantunansu, a baza kasuwar tsofaffin kayan gyara, a fito da waɗansu baburan gidan a tashe su jama'a su ji ƙararsu.